FAIFAN MALAM YA SAKE JUYAWA

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba gani a littattafaina, magana ce a kan waƙa da abin jin waƙa, sai dai na san kafin ki kai ƙarshe za ki ga ashe ba ta rasa nasaba da zaman gidajenmu.

In na ce faifai, na san da yawa cikin 'yan matan yanzu hankalinsu zai tafi kan wanda ake rufe ƙwarya da shi ko ake bakace. To ba shi nake nufi ba. Ina nufin baƙin faifan nan mai rami a tsakiya wanda iyayenmu suke kira faifan garmaho, wanda ake ɗora wa allura ya dinga juyawa murya tana fita. Ni kaina da aka haife ni zamanin kaset, ban taɓa jin sautinsa da kunnena ba sai bara.

Abin da ya faru shi ne, damina ta kayar da bangon tsohon ɗakin marigayi surukina a gidanmu na Dawakin Tofa, maigidan ya ce a kwashe tarkacen ciki kafin magina su zo. Ana cikin fito da kaya sai ga wani dogon akwatin katako mai ƙafafu huɗu, tsayinsa ya kai kabet ɗin jeren kwalla, ƙura ta rufe shi, gara ta fara cin ƙafa ɗaya. Aka ɗaga murfin sai ga rediyo a gefe guda, ɗaya gefen kuma wurin ɗora faifai. A ƙarƙashinsa aka jawo wani kwali da aka ɗaure da tsohon rawani, da na kwance na ƙirga faya-fayai ashirin da uku.

Ko awa ɗaya ba a yi ba sai ga yaran nan 'yan gwangwan sun turo baro, kamar masu jin ƙanshin ƙarfe. Suka taya naira dubu takwas, wai wayoyin ciki da maganaɗisun sifika kawai suke so, katakon a yi makamashi. Abban yara har ya buɗe baki zai ce ya sallama, sai na ga Inna, wato mahaifiyarsa, ta fito ta tsaya bakin ƙofarta tana kallon akwatin. Ba ta ce uffan ba, don Inna irin matan nan ne na da da ba sa musu da ɗa a gaban jama'a, balle ɗan fari da ko sunansa ba ta kamawa. Amma na ga ta kama bakin mayafinta ta goge ido ta koma ciki.

Na bi ta ɗaki na durƙusa na ce, "Inna, wannan akwatin fa?"

Ta daɗe ba ta amsa ba, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, bar shi kawai. Da kuɗin Udoji Malam ya saya, muna zaune a birni lokacin yana koyarwa. Ranar da aka kawo shi unguwa kaf sai da ta zo kallo."

Ga wadda ba ta sani ba, Udoji shi ne ƙarin albashin nan da gwamnatin Janar Gowon ta yi wa ma'aikata, aka biya su da ariyas a 1975. Tsofaffi suna ba da labarin yadda kasuwa ta rikice a shekarar, mai sayen babur na saye, mai sayen rediyo na saye, mai ƙara aure na ƙarawa. To Malam akwatin waƙa ya saya. Na fita na roƙi Abban yara ya bar min shi, ya yi dariya ya ce, "Ke da kayan wahala, to ga shi nan, amma ko sisina ba zai shiga ba." Na ce na ji na yarda, kuɗin adashina na nan tafe.

Sai da muka yi sati uku muna cigiya kafin a kwatanta mana wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Da ƙanina ya kai masa akwatin a bayan a-kori-kura, ya ce mutumin tashi ya yi tsaye yana shafa katakon kamar ya ga ɗan uwansa da ya ɓata. Ya sake robar da ke juya faifan don ta da ta bushe ta tsattsage, ya nemo sabuwar allura, ya canja wasu ƙananan kayan ciki da suka mutu, sifika ɗaya da ɓera ya cinye takardarta ya sa wata. Sannan ya ƙara abu biyu da ba su cikin tsarin Malam: ya haɗa shi yadda zai ci wutar sola tunda wutar gari ba ta zama, ya kuma liƙa masa wata 'yar na'ura ta Bluetooth yadda waƙar da ke cikin waya ma za ta iya fita ta manyan sifikun. Kafinta a nan gida ya sake ƙafar da gara ta ci. Kuɗin da na kashe ya ninka abin da 'yan gwangwan suka taya sau da yawa, har kishiyar yayata tana min shaguɓe wai marubuta ba su da cikakken hankali.

Dattijon ya aiko min da bayani wanda nake ganin ya kamata ku ma ku sani. Faifai iri uku ne. Akwai na garmahon asali mai wani, wanda ake murɗawa da hannu ba ruwansa da wuta, shi yana juyi 78 a minti ɗaya, yana da nauyi, in ya faɗi kuma tarwatsewa yake kamar tukunyar garinmu, waƙar kowane gefe ba ta wuce minti uku ko huɗu. Akwai babba mai juyi 33 wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fito da shi a 1948, shi kowane gefe yana ɗaukar kusan minti ashirin. Sai ƙarami mai juyi 45 da ya biyo baya a 1949, yawanci waƙa ɗaya gaba ɗaya baya. In kin ƙura wa faifai ido za ki ga kamar layuka ne da yawa, alhali layi ɗaya ne tak ya nannaɗe tun daga baki har tsakiya kamar yadda ake ɗinkin faifan kaba, a cikinsa aka sassaƙa muryar, allura tana bi tana karkarwa, karkarwar nan ita ce sautin. Na Malam duk manya ne da ƙanana, babu mai 78.

Ranar da aka dawo da shi bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko faifan Alhaji Mamman Shata mai tambarin kamfanin EMI, na goge shi, na ɗora allura hannuna yana rawa. Aka fara jin ƙas-ƙas kamar ana soya gyaɗa a yashi, yara suka fashe da dariya. Can sai kalangu ya tashi. Wallahi 'yar uwa sai da tsigar jikina ta tashi. Na sha jin Shata a rediyo da waya, amma ban taɓa jin kalangu yana numfashi ba sai ran nan, kina jin yadda makaɗi yake matse tsarkiya a hammata yana saki, kina jin 'yan amshi a bayansa kamar a zauren gidan suke zaune. Ba na cewa faifai ya fi waya tsabtar sauti, ƙarya ne in na faɗi haka, ƙas-ƙas ɗin nan aibi ne ba ado ba. Manyan sifiku da akwatin katako su ne suka ba gangar cikinta, don ko waƙar waya na sa ta cikinsu sai ta yi kauri. Abin da faifai ya fi waya da shi daban ne, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Faifai ba ya yarda ki yi masa riƙon sakainar kashi. Ba a sa shi a aljihu a shiga kicin, ba a danna shi a tsallake in minti ɗaya ya wuce ba a ji daɗi ba. Sai kin wanke hannu, kin zauna, in gefe ya ƙare kin tashi kin juya. Wannan zaman shi ya sa na ji abin da ban taɓa ji ba a waƙoƙin da nake zaton na sani. A wayata akwai waƙa ta fi ɗari biyar da masu turawa suka zuba min, amma in za a ritsa ni in faɗi abin da guda goma suka ce daga farko zuwa ƙarshe ba zan iya ba. Faifai ashirin da uku kuwa cikin wata biyu na san su kamar tafin hannuna. Ashe ba waƙa muka rasa ba a zamanin nan, sauraro muka rasa.

To da na saurara me na ji? Bari in faɗi ra'ayina tsakani da Allah, mai daɗi da marar daɗi.

Shata, wanda aka haifa a Musawa ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, gwaninta tasa ba a yawan kalmomi take ba. In kin lura amshinsa gajere ne, 'yan kalmomi ne ake ta maimaitawa, shi kuma yana ɗora magana a kai ɗaya bayan ɗaya kamar mai jera tubali, bai gaggawa, bai haki. Yakan ambaci gari da hanya da mutanen da ya tarar, har ki ji kamar kina cikin motar kuna tafe. Hausarsa ba ta da gauraye, kuma da wuya ki ji kalmar da aka cusa don kawai ƙarshen baiti ya dace. Ba banza ba Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, mutumin da bai yi boko ba. Mu marubuta da muke cika shafi da surutu ya kamata mu koyi wannan tsimin maganar.

Amma zan faɗi abin da masoyansa ba sa son ji. Kaso mafi yawa na abin da ke kan faya-fayan nan yabon masu mulki ne da masu kuɗi, wane ya ba da mota, wane ya ba da doki, wane ya ba da kujerar Makka. In an cire daɗin murya da kiɗa, wani lokacin abin da ya rage lissafin kyauta ne. Wanda ya hana kuma ya sha zambo. Saboda haka masu cewa mawaƙan yanzu 'yan kuɗi ne, na da kuwa don Allah suke yi, ba su zauna sun saurara ba. Roƙo tsoho ne a ƙasar Hausa, kayan kiɗan ne kawai suka sake. Haka nan akwai waƙa biyu a kwalin da na ɗaga allura da sauri saboda yara na wurin, don kada wata ta ce miki batsa yau aka fara ta.

Wanda ya fi kama zuciyata shi ne Ɗan Maraya Jos, Allah ya ji ƙansa, ya rasu a 2015. Shi ba taron makaɗa gare shi ba, ba 'yan amshi, daga shi sai kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya, ɗan abin da bai fi a rufe shi da tafin hannu biyu ba. Amma a ganina ya fi kowa kusa da aikinmu na marubuta, don labari yake bayarwa. Duk wadda ta san "Jawabin Aure" ko "Karen Mota" ta san abin da nake nufi. Yakan ɗauko talaka wanda ba mai yi wa waƙa ya sa shi a gaba, yakan shiga tsakanin miji da mata ya faɗi ta wannan ya faɗi ta waccan. Shekaru kafin mu fara rubuta littattafai a kan auren dole, shi ya riga ya yi waƙa a kai. In da inda zan yi masa gyara, shi ne wani lokacin nasiharsa takan fi nauyi a kan mace, ita ce mai haƙuri, ita ce mai gyara hali. Duk da haka ya saurari matan aure fiye da yawancin mazan zamaninsa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga abin da ya tsaya min a rai. Na zazzage kwalin nan kaf, akwai Shata, akwai Ɗan Maraya, akwai Musa Ɗankwairo, akwai masu kukuma, har da faya-fayan finafinan Indiya guda huɗu. Muryar mace ɗaya tak na samu, ita ce Lata Mangeshkar, Ba'indiya, wadda ba mai jin abin da take cewa a gidan. Babu Bahaushiya ko ɗaya. Na tambayi Inna na ce, "Inna, ashe Malam bai sayi na mata ba? Ina su Uwaliya Mai Amada, ina Barmani Coge?"

Inna ta yi murmushi ta ce, "'Yar nan kenan. Akwatin ai a ɗakin Malam yake, shi da abokansa. Mu daga tsakar gida muke jiyowa muna tuƙa tuwo. Ni ban taɓa ɗora hannuna a kansa ba sai dai in goge ƙura. Namu kiɗan sai ran biki ko suna, a kife ƙwarya a ruwa, a rufe ƙofa."

Maganar nan ta hana ni barci. Shekara kusan hamsin akwatin nan yana gidanta, ta yi kuka don za a sayar da shi, amma ba ta taɓa zaɓar abin da zai faɗa ba. Kuma waƙoƙin da suka fi shafar rayuwarta, na kishi, na haihuwa, na sana'a, ba su cikin kwalin. Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ni a kaset na san ta a ɗakin mahaifiyata, tana kiran mata su tashi su kama sana'a, tana faɗin abin da mata ke faɗa in ba namiji a kusa. Sai na gane ashe kaset ɗin da ake rainawa shi ya shigo da waƙa ɗakin mace, don rakoda tana da araha, tana cin batir, ana sa ta cikin kayan ɗaki, ba sai an nemi izinin shiga turaka ba. Waya kuma ta zo ta ƙarasa. Don haka duk mai cewa a koma zamanin faifai, ni ba da ni ba. Zamanin faifai zamanin kunnen maigida ne.

Shi ya sa ban yarda da masu zagin waƙoƙin yanzu a dunƙule ba. Gaskiya ne tun da fim ɗin Sangaya ya fito a 1999 kiɗan fiyano ya mamaye ko'ina, har ya zama in kin ji waƙa goma kamar uwa ɗaya ta haife su, ga na'urar gyaran murya da ke sa kowa ya zama zabiya ko da muryarsa ta fi ta kwaɗo muni. Gaskiya ne kuma da yawa kalmomin soyayyar nan guda ashirin ake ta juyawa. Amma akwai irin su Aminu Ala da ke zama su tsara magana mai nauyi, kuma matan aure da suka yi ta rawar "Jaruma" ta Hamisu Breaker a gaban mazajensu a 2020 sun sami abin da su Inna ba su samu ba, wato waƙar da mace ta zaɓa da kanta a cikin ɗakinta. Abin da nake roƙon mawaƙanmu shi ne su zauna su saurari na da, ba don su kwaikwayi muryarsu ba, don su ga yadda ake gina magana.

Kada ki zaci mu kaɗai ne muke waiwaye. A Amurka, inda aka ƙago abin, a 2022 an sayar da faifan garmaho kusan miliyan 41, ya zarce faifan CD a karo na farko tun 1987, kuma matasa na cikin masu saye. Su suna buga sababbi, mu kuwa namu da ba za a sake bugawa ba muna miƙa wa 'yan gwangwan, ko yara su yi wasan mota da su a rairayi. Wata waƙar in faifanta ya fashe ta tafi kenan har abada.

Saboda haka 'yar uwa, in akwai irin wannan kwali a ɗakin kakanki ko surukinki, ga 'yar shawara. Kada ki jibge su a kwance ɗaya kan ɗaya, a tsaye ake jera su kamar littattafai. Ki nisanta su da rana da zafin rufin kwano, don zafin bazara yana lanƙwasa su, in sun lanƙwashe kuwa shi kenan. Ki riƙe su ta baki kada yatsa ya taɓa layin. Ƙurar hunturu a goge ta da tattausan ƙyalle mai ɗan danshi, ana bin zagayen layin, ban da kananzir, ban da omo, kada kuma ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Kada ki ɗora tsohuwar allura a kai don cinye layin take. In ba ki da halin gyara, ki adana kawai, ajiya ba ta cin abinci.

Mu dai yanzu akwatin Malam ba ya turaka, yana rumfar Inna. Ran da na kama hannunta na koya mata ɗora allura, sai da ta yi sau uku hannun yana karkarwa, ta huɗu ta dace, ta yi guɗa ƙasa-ƙasa kamar amarya. Abban yara da ya ce ko sisinsa ba zai shiga ba, shi ne yanzu yake dawowa daga kasuwar Dawanau da wuri ya zauna nesa kaɗan wai shan iska yake. Rannan na sa mata Barmani daga wayata ta cikin manyan sifikun, muryar mace Bahaushiya ta fita daga akwatin nan karo na farko, Inna ta jawo ƙwarya ta kife tana bi da yatsu.

Daga nan ne ta fara tuno nasu, waƙoƙin daka da na niƙa da na raino waɗanda ba kamfanin da ya taɓa ɗauka, ba su kan faifai ba su kan kaset. Na nemi izininta na kunna wayata ina ɗauka, zuwa yanzu mun tara goma sha ɗaya, wasu ta manta rabi sai ta aika a kira ƙawarta ta ƙarasa mata. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to masu ita suna nan a ɗakunanmu suna tsufa, kuma su ba mai gyaran da zai tashe su in sun yi shiru. Ke da kike riƙe da waya a hannu, yau in kin gama abincin dare ki je ki zauna kusa da tsohuwar gidanku ki tambaye ta.

Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, amin.

Taku har kullum,
daga Dawakin Tofa.